Ciwon baya da na wuya: allurar Sinawa ko allurar da ake yi ana kallon hoto?

Ai duk allura ce, ina bambancin?

Suna ne kawai ya haɗa su. A akupanca, wato tsirar allura irin ta Sinawa, ba a ɗura wa jiki komai. Allurai ne sirara ƙwarai ake tsittsirawa a fata da tsoka, a bar su kamar minti 20 zuwa 30, sannan a zare. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yin ta. Kuma ba ƙaho ba ce, ba a tsaga, ba a zuƙar jini.

Ta asibiti kuwa magani ake kaiwa har gindin jijiyar da ta kumbura. Marar lafiya na kwance rub da ciki, likita na kallon allon na'urar hoton ƙashi ko na sikanin, yana tura allurar sannu a hankali har ta isa inda ake so.

To, akupanca tana magani da gaske?

A nan likitoci suka rabu. Wani babban bincike da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2007, ya duba mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Kusan kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ta gaske sun samu sauƙi. Waɗanda aka tsira wa allurar sama-sama, ba ma a wuraren da Sinawa suka ayyana ba, kashi 44. Masu shan magani da zuwa gashin ƙashi kuwa kashi 27. Ke nan tsirar ta taimaka, amma wurin da aka tsira bai dame ta ba sosai.

Shi ya sa a 2016 hukumar NICE ta Birtaniya, mai ba likitoci shawara kan hanyoyin magani, ta ce kada a riƙa yin ta don ciwon ƙugu, a 2017 kuma ƙungiyar likitoci ta ACP a Amurka ta sa ta cikin abubuwan da za a gwada kafin a kai ga ƙwayoyi. A ganina, wanda ciwon ya daɗe masa zai iya gwadawa, muddin bai bar motsa jiki ba. In an yi zama da dama shiru, ya riƙe kuɗinsa.

Me ya sa sai da hoto?

Saboda lalube a kusa da laka ba wasa ba ne, musamman a wuya, inda jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa suke bi. Likita kan fara ɗura ɗan ruwa mai bayyana a hoto, ya ga inda ya bi, kafin ya saki maganin kumburin. Allurar ta fi amfanar wanda ciwo ke sauko masa daga ƙugu zuwa ƙafa, ko daga wuya zuwa hannu. Sauƙin na makonni ne ko 'yan watanni, lokacin da ya kamata a yi amfani da shi wajen gashi da atisaye.

Hoton MRI ya nuna faifan bayana ya lalace. Allura ta zama dole?

A'a. Wani nazari na 2015 ya gano irin wannan lalacewar faifai, wato matashin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, a jikin kashi 37 na 'yan shekara 20 da kashi 96 na 'yan shekara 80, dukkansu ba sa jin ciwon komai. Sai hoton ya yi daidai da inda kake jin ciwon ake ɗaukarsa da muhimmanci.

Akwai haɗari?

A akupanca, ka ga an fasa sabuwar allura a gabanka, don tsohuwa na iya yaɗa ciwon hanta. A kafaɗa da saman baya, in aka zurfafa ana iya huda huhu. Allurar asibiti kuma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, don haka mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun da wuri.

Yaushe ne ba maganar allura ake ba?

In fitsari ko bayan gida ya ƙwace maka, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara rauni, a tafi asibiti a ranar. Haka ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, gumin dare da rama: tarin fuka yana cin ƙashin baya, ana kuma ganinsa a asibitocinmu na Arewa, maganinsa ƙwayoyi ne na watanni.