Ƙarfin Doki, Ƙarfin Murɗawa da Juyin Inji a Motocin Tsere

Ƙarfin doki, ƙarfin murɗawa da saurin juyi su ne ma'aunai uku da ake bayyana aikin injin mota da su. A motar tsere, haɗuwarsu ce ke nuna yadda mota za ta fizga daga tsaye, yadda za ta fita daga kwana, da inda gudunta zai tsaya a miƙaƙƙen titi. Ukun a ɗaure suke da juna: in an san biyu, lissafi zai fitar da na ukun.

Ma'aunan uku

Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da ke juya abu a kan gindinsa. Idan notin tayar tarakta ya cije, makanike kan ce wa yaronsa ya zura bututu a hannun sifana. Yaron bai ƙara ƙarfi ba, tsawon hannun ne ya ƙaru, sai notin ya saki. A cikin inji, fistan ne ke danna kuranshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin injin, ya murɗa shi. Ana auna wannan da niyutan-mita, wato Nm.

Saurin juyi shi ne adadin zagayen da kuranshaf ke yi a minti ɗaya, ana rubuta shi RPM. Ƙaramin injin ban ruwa na fetur, irin wanda ya cika fadamun Haɗeja da gonakin rani na Kura, yana kaiwa juyi 3,600.

Ƙarfin doki kuwa, HP, yawan aiki ne a cikin lokaci. James Watt, injiniya ɗan Sukotland, shi ya kafa ma'aunin a ƙarshen ƙarni na 18 don ya kwatanta injinan tururinsa da dawakan da za su maye gurbinsu. Doki ɗaya ya yi daidai da wat 746. Akwai kuma ma'aunin da ake amfani da shi a Jamus da Faransa, wat 735, wanda shi ne ɗaga kilo 75 sama mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Tarakta da motar Formula 1

Ga ƙa'idar: a ninka Nm da RPM, a raba da 7,120, abin da ya fito shi ne doki.

Taraktar noma mai doki 75, irin Massey Ferguson 375 da aka sani a ƙauyukan Kano da Jigawa, tana ba da murɗawa wajen Nm 300. Inji mai Nm 300 a juyi 1,800 yana fitar da doki 76. Injin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, mai silinda takwas da lita 2.4, wanda aka yi tsere da shi daga 2006 zuwa 2013, shi ma murɗawarsa a nan take, wajen Nm 300. Amma daga 2009 yana juyawa har 18,000, don haka ya ba da doki kusan 750. Murɗawa kusan ɗaya ce, juyin ne ya ninka sau goma, dokin ma ya ninka sau goma. Wannan misali shi ne zuciyar batun, domin yana rushe zaton da ake yi cewa injin tsere ya fi na tarakta ƙarfin dannawa. Bai fi shi ba, ya dai fi shi yawan maimaitawa.

Sai dai juyi mai yawa da tsada yake zuwa. A juyi 18,000 kuranshaf yana zagaye 300 a daƙiƙa, kowane fistan yana tsayawa cak ya sauya hanya sau 600. Idan juyi ya ninka biyu, wahalar da ƙarfen ke sha ta ninka huɗu. Shi ya sa ake gajarta tafiyar fistan, a waɗancan injinan Formula 1 ba ta kai santimita 4 sosai ba, alhali faɗinsa ya kai milimita 98. Sifirin ƙarfe ma ya kasa rufe bawul a kan lokaci, har kamfanin motoci na Renault ya kawo na matsattsiyar iska a 1986.

Aikin giya

Direbobin da ke lodin kasuwar Wudil ko Maigatari sun san motar da ke da ja da wadda ke da gudu, sun kuma san cewa a hawa da kaya sai an dawo giya ta biyu ko ta ɗaya. Giya musanya take yi: tana rage juyi ta ƙara murɗawa a taya, ko ta yi akasin haka. Ba ta ƙara doki ko ɗaya. Saboda haka a kowane gudu, motar da injinta ke ba da doki mafi yawa a wannan lokacin ita ce mai ture ƙasa da ƙarfi mafi yawa, in nauyi da tayoyi sun zo ɗaya. Masu cewa murɗawa ce ke cin tsere suna da gaskiya ta gefe guda kawai, domin murɗawar da ta isa taya ake nufi, ba wadda aka rubuta a takardar inji ba.

Kowane inji yana da tazarar juyin da ya fi ƙarfi a ciki. Aikin direba shi ne kada allurar agogon juyi ta fita daga wannan tazara, kuma dalilin da ya sa motocin Formula 1 ke da giya takwas ta gaba tun 2014 ke nan. A shekarar aka koma inji mai silinda shida, lita 1.6, da tarbo (na'urar da ke cusa iska cikin inji) da taimakon lantarki. Doka ta ƙayyade juyi 15,000, amma har zuwa 2025 injinan sun fi aiki tsakanin 10,500 da 12,000, saboda an iyakance mai zuwa kilo 100 a awa. Duk da haka jimillar ƙarfinsu ta kai doki wajen 1,000 a mota mai nauyin kilo 800 har da direba.

Iska, taya da filin tsere

A ƙaramin gudu, taya ce iyaka. Murɗawar da ta wuce abin da roba za ta iya riƙewa, juyin banza ce da hayaƙi. A babban gudu kuwa iska ce abokiyar gaba: ninka gudu sau biyu yana buƙatar doki ninki takwas don keta ta. Don haka filin Monza na Italiya, inda ake wuce kilomita 340 a awa, yana fifita mai yawan doki, shi kuwa Monako mai kwanar da ake shiga da ƙasa da kilomita 50 yana fifita injin da ke amsa totur a hankali ba tare da fizga ba.

Akwai wata hanyar tara doki, wato murɗawa mai yawa a juyi kaɗan. A 2006 Audi R10 TDI ta zama motar dizal ta farko da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, da doki wajen 650, murɗawa sama da Nm 1,100, juyi kuma bai wuce 5,000 da yawa ba. Sauya giya ya ragu, tsayawa shan mai ma ya ragu. Irin wannan hali ake nema a yashi, kamar a tseren Dakar da ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Injin lantarki yana ba da cikakkiyar murɗawarsa tun daga juyi na farko. Shi ya sa yawancin motocin Formula E, gasar motocin lantarki wadda aka fara a 2014, suka koma tafiya da giya ɗaya tak.