Ɓarin ƙwayar babba ba maganin yaro ba ne

Tun da damina ta kankama, fadamun Argungu suka cika, sauro ya samu wurin zama, da wuya gari ya waye ba a kawo mana yaro asibiti jiki rau da zafi ba, bayan ya kwana uku ko huɗu a gida. In na tambayi uwa me aka ba shi, amsar kusan ɗaya ce: "Malama, ɗan ɓari ne kawai na ba shi daga na babansa." Sai ta kwance haɓar zane ta ciro ragowar ƙwayar, an gutsure ta da haƙori, gumi ya sa ta yi laushi, babu kwali, babu suna. Ita ba ta san me ta ba shi ba, ni ma da zan duba shi ban sani ba.

Wannan ɓare magani, da daka shi da bayan cokali, da zare kafso a zazzage garinsa, shi ne abin da ya ishe ni. Iyayena mata, na san ba da mugunta kuke yi ba. Dare ya yi, yaro yana kuka, asibiti da nisa, maigida bai bar komai ba, ga ƙwaya a cikin kwalla. Duk na sani, a cikinku na tashi. Amma yaro ba guntun babba ba ne da za a ce a ba shi guntun magani.

Mu ɗauki farasitamol, tunda babu gidan da babu shi. Ƙwayar manya miligiram 500 ce. Jariri mai nauyin kilo 6, abin da jikinsa zai ɗauka a sha ɗaya bai wuce miligiram 90 ba. Rabin da kika ɓara masa miligiram 250 ne, kusan ninki uku ke nan. Kuma ba sau ɗaya za ki ba shi ba, da safe ki ba shi, da rana zafi ya dawo ki ƙara, da dare ki ƙara. Ga kuma maganin mura da aka sayo a kemis, wanda sau da yawa shi ma da farasitamol a cikinsa. Hanta ce ke ɗaukar wannan nauyi duka, kuma ba ta nuna alama da wuri. Sai an ga ido ya yi rawaya, yaro yana amai, a ce shawara ce ta kama shi, a koma jiƙe-jiƙe.

Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa, nan ne raina ya fi ɓaci. Coartem da ire-irensa da nauyin jiki ake ba da su. Yaro daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙaramar ƙwaya ɗaya a kowane sha. Daga 15 zuwa ƙasa da 25, biyu. Daga 25 zuwa ƙasa da 35, uku. Daga nan zuwa sama, huɗu. Sha shida ne cikin kwana uku, ba ragi. To sai maigida ya sayo katin manya guda, irin mai manyan ƙwayoyi shida, ya ce a raba wa yara uku. A sa wuƙa a yanka, wani ɓarin ya fi wani, wani ya farfashe ya zube a tabarma. Kowane yaro ya ɗan lasa, babu wanda ya sha cikakke. Zafi ya sauka kwana biyu, a ce an samu sauƙi. Bayan mako guda a kawo mana shi fari fat, jini ya ƙare, wani ma yana jijjiga. Malam, kuɗin da ka ce ka tsimi, ga shi za ka biya ninkinsa wajen ƙarin jini, in ma an samu jinin.

Abin haushin shi ne akwai na yara. Tun 2009 aka fito da Coartem mai narkewa, wanda ake sa wa ɗan ruwa kaɗan ya narke, ga shi da zaƙi don kada yaro ya tofar. Akwai amoksisilin mai narkewa don ciwon haƙarƙari. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata da damina, ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, shi ma mai narkewa ne, kuma kati biyu ne, na 'yan ƙasa da shekara daban, na manyansu daban. Amma da ma'aikaciya ta juya baya, sai a ɗauki na rana ta biyu da ta uku a gutsura wa yayan yaron ɗan shekara bakwai, wai shi ma kada a bar shi. Shi bai ishe shi ba, ƙanin kuma an bar shi da rabin kariya. Don Allah ku daina.

Siffar da kuka ga magani da ita, ba ado ba ne. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai tsangayar koyon harhaɗa magunguna, inda 'ya'yanmu ke shafe shekara biyar ko shida. A ciki akwai sashe guda da ke bincike a kan wannan: wane rufi za a yi wa ƙwaya, cikin minti nawa za ta narke, a tumbi za ta narke ko sai ta wuce hanji. Mutane sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan haka, ke kuma ki zo da bayan cokali ki rushe aikin kafin a dama koko.

Ba yara kaɗai ba, tsofaffinmu ma suna shan wannan wahala. Inna ba ta iya haɗiye ƙwaya, sai jika ya daka mata maganin hawan jini ya zuba a kunu. In kun ga an rubuta SR, ko XL, ko Retard a jikin kwali, wannan ƙwaya an yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini. Manomin shinkafa ba ya juye wa shuka takin damina gaba ɗaya rana guda, ya san ƙonewa za ta yi. Da an daka irin wannan ƙwaya, maganin yini ya shiga jini lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas, Inna ta tashi za ta yi alwala jiri ya kwashe ta. In ta karye a ƙugu, kun san abin da ke biyo baya ga tsohuwa. Haka kafson gyambon ciki, omefrazol: tsaba-tsabar da ke cikinsa kowace da rufinta don kada ruwan tumbi ya lalata ta. Wanda ya tauna ya yi asarar kuɗinsa, ciwonsa yana nan.

Sai kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa, tetrasaiklin, wanda ya zama kamar gishiri a wasu gidaje. Yaro na gudawa, a zare a zuba masa a nono. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8 wannan magani, yana rina haƙora, rinin da asuwaki ba ya fitarwa har tsufa. Kuma yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsa sam, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc take so. A zazzage shi a kan gyambo, a zazzage a kan kaciya, har a kan cibiyar jariri na gani, garin ya cuɗe da ruwan ciwo ya yi ɓawo, ƙasa kuma tana ruɓewa. Cibiya tana da man shafawarta, klorheksidin, a cibiya kawai, kada ya kusanci ido.

Wata za ta ce, ai Malama ke ma kin taɓa cewa in raba ƙwaya biyu. Haka ne. Zinc ɗin nan, jariri ɗan ƙasa da wata 6 rabi ake ba shi. Wasu ƙwayoyin da tsaga a tsakiya, an yi su don a raba. Amma ni na ɗora yaron a sikeli, na san sunan maganin, na san ƙarfinsa. Wanda muka ce ki raba, raba. Wanda ba mu ce ba, bar shi yadda yake.

Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah. Mutum ya zo ya ce a haɗa masa na yaro na ɗari biyu, ku ɓalle ƙwayoyi kala-kala ku ƙulle a leda, ku ce ya ba shi rabi-rabi, ba ku ga yaron ba, ba ku san nauyinsa ba. In babu na yara, ku ce babu.

A taƙaice dai, don layi na jirana:

Yaro ya yi zazzaɓi, a kawo shi a yi gwajin yatsa, a auna nauyinsa.
A nemi mai narkewa ko na ruwa. Na ruwa a auna da murfinsa mai lamba, ban da cokalin tuwo.
Katin kowane yaro nasa ne shi kaɗai, ya shanye. Coartem a bi shi da nono ko kunun gyaɗa, ya fi kama jiki.
Tsoho ya kasa haɗiya, a zo da kwalin, sau da yawa akwai wanda za a canza masa.
Kada a raba magani da kwalinsa.

Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, kada a tsaya ɗura masa komai. A ɗauko shi a kawo, ko da tsakar dare ne, a haɗo da duk abin da aka riga aka ba shi.