Farautar agwagin daji a tsakiyar hunturu a gaɓar Chesapeake

Farautar ƙarshen kaka, wato ƙarshen lokacin da doka ta yarda a yi farauta, ita ce wadda maharban tsuntsayen ruwa na gabashin Amurka ke yi daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da sanyi ya kai maƙura, tafkuna da fadamu suka daskare, agwagi da dinyoyin daji kuma suka gangaro bakin teku neman ruwan da bai zama ƙanƙara ba. Ana yin ta tun daga gaɓar jihar Maine har zuwa Carolina ta Arewa, amma inda ta fi suna da tarihi shi ne mashigin Chesapeake da ke tsakanin jihohin Maryland da Virginia. Abin da ya bambanta ta da farautar farkon kaka shi ne ƙanƙara. Ita ke tara tsuntsaye wuri guda har su yi sauƙin samu, ita ke rufe musu abinci har su rame, ita ce kuma ke iya halaka maharbin da ya fita nemansu.

Yadda ruwan ke daskarewa

Mashigin Chesapeake ya kai tsawon kilomita 320, amma ba shi da zurfi: matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 6 da ɗan wani abu ba, kuma akwai wurare masu faɗi da mutum zai tsaya ruwa bai wuce ƙirjinsa ba. Daga arewa kogin Susquehanna ke kwararo masa ruwan daɗi, daga kudu kuma tekun Atlantika ke turo na gishiri. Ruwan daɗi yana daskarewa a sifili na ma'aunin Salsiyas, na teku kuwa sai ya kusa digiri 2 ƙasa da sifili. Saboda haka ƙanƙara ba ta kama mashigin gaba ɗaya a dare guda. Tana farawa da kududdufan gonaki da tafkunan cikin ƙasa, ta bi ƙananan rafuka, ta shiga bakin koguna da lungunan da iska ba ta kaɗawa, sannan ta doshi faɗin ruwa. Inda igiya ke da ƙarfi, ko inda cikar teku da janyewarta ke murza ruwa sau biyu a yini, nan ne ake samun gurbin da ya rage a buɗe.

Waɗannan gurabe su ne komai a wannan lokaci. Tsuntsun da a watan Nuwamba yake da zaɓin fadama ɗari, a Janairu zaɓinsa bai fi biyu ko uku ba. Maharbin da ya san ruwan yankinsa yakan kashe yini biyu yana zagayawa da madubin hangen nesa kafin ya ɗauki bindiga, domin gurbin da ke buɗe jiya yana iya rufewa cikin dare, wani kuma ya buɗe nesa da shi idan iska ta juya.

Iskar arewa maso yamma, wadda ke biyo bayan kowace guguwar sanyi, tana da wata illa da baƙo ba ya tsammani. Idan ta yini biyu tana kaɗawa, sai ta kore ruwa daga mashigin zuwa teku, rafukan da ake bi da jirgi su koma taɓo mai daskarewa. Wanda ya shiga da asuba ruwa na cike yana iya tarar da jirginsa zaune a kan laka da azahar, gida kuma da nisa.

Tsuntsayen da ke tsayawa

Ba kowace agwagwa ke jure wa wannan yanayi ba. Ƙanana masu kiwo a ruwa mara zurfi tuni sun yi kudu tun sanyin fari. Wannan ɗabi'a ce da aka sani a ko'ina: agwagin da ke sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru lokacin hunturu ma ƙanƙarar Turai da Asiya suka gudo wa. Waɗanda ke ragewa a gaɓar Amurka su ne masu ƙarfin jiki da masu nutso.

Sarkinsu a Chesapeake ita ce wadda Amurkawa ke kira canvasback, mai jan kai da farin baya da dogon goshi. Sunanta na kimiyya, Aythya valisineria, an ɗauko shi ne daga wata ciyawar ƙarƙashin ruwa, Vallisneria americana, wadda saiwarta ke sa naman agwagwar daɗi. A da, wannan ciyawa ta shimfiɗe faƙon ruwan da ke bakin Susquehanna, kusa da garin Havre de Grace. Gurɓatar ruwa ta rage ta, sannan ambaliyar guguwar Agnes ta watan Yunin 1972 ta binne mafi yawanta da laka. Agwagwar ta koma cin ƙananan halittun ɓawo na cikin taɓo, kuma tsofaffin maharba sun daɗe suna cewa ɗanɗanon namanta ya sauya tun daga nan.

Akwai baƙar agwagwa ta fadamar gishiri, wadda ta fi kowacce wayo da tsoron mutum. Idan fadama ta daskare sai ta jira teku ta janye, ta bi bakin taɓo tana tsintar dodon koɗi. Akwai ƙaramar dinyar teku mai suna brant, wadda ta fi yawa a gaɓar New Jersey da Long Island. Sai kuma agwagin tsakiyar teku, irin su scoter da mai doguwar wutsiya da eider ta can arewa, waɗanda ƙanƙarar gaɓa ba ta cika damunsu ba domin a ruwa mai zurfi suke nutso.

Mutum zai yi mamakin yadda tsuntsu ke tsayawa a kan ƙanƙara da ƙafa tsirara. Sirrin yana cikin jijiyoyin ƙafar: wadda ke sauko da jini mai ɗumi tana manne da wadda ke mayar da mai sanyi, sai su yi musayar zafi tun kafin jinin ya isa tafin. Ƙafar takan zauna daf da daskarewa, jiki kuma bai yi asarar ɗuminsa ba. Sanyi kansa ba ya cika kashe agwagwa. Yunwa ce ke kashe ta, idan ƙanƙara ta rufe abinci kwana da kwanaki har kitsen da ta tara ya ƙare.

Safiya a bakin gurbi

A farkon kaka tsuntsaye na tashi da ketowar alfijir. A tsananin sanyi kuwa sukan kwanta su dunƙule, baki cikin gashin baya, suna tattalin ƙarfi har rana ta ɗaga. Sau da yawa tashin da ake jira ba ya zuwa sai hantsi ko ma kusan azahar, don haka maharbin Janairu yana bukatar haƙurin zama fiye da sammako.

Duk da haka aikin yana farawa cikin duhu. Idan ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, mutum ya shiga da dogon wandon roba har ƙirji, ya fasa ta da gatari ko da gaban jirgi. Gwanaye ba sa farfasa ta gutsi-gutsi, domin ɓaraguzan da ke yawo suna ƙyalli kuma tsuntsu na ganewa daga sama. Yanka ta suke yi falle-falle, su danna gefen kowane falle ya shige ƙarƙashin sauran, har a sami ruwa baƙi wuluk, fes, kamar Allah ne ya bar shi haka. Sannan a jera agwagin bogi, na katako ko na roba, wasu a cikin ruwa, wasu a zaune a bakin ƙanƙara kamar masu barci. Dabarar dai ɗaya ce da ta maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa cikin dabbobi: a nuna wa abin farauta ɗan'uwansa hankali kwance. Cikin sa'a guda feshin ruwa ya daskare a kan bogin, ƙanƙara ta rataya a bakinsu, su yi nauyi su kife, sai a sake shiga a kakkaɓe su da yatsun da ba sa jin komai.

Bindiga ma tana da nata halin. Man da aka shafa mata yakan yi kauri ya riƙe ƙarfen ciki, shi ya sa ake goge ta kusan a bushe. Usur ɗin kiran agwagwa yakan daskare da tururin baki, sai a ɓoye shi cikin riga. Kiran ma kaɗan ake yi, domin tsuntsun da ya taso daga Kanada tun Satumba ya ji kowane irin usur a hanya, ya kuma ga bukkokin kwanto ba adadi. A wannan lokacin mazan sun cika ado, da yawa sun riga sun sami matan da za su koma arewa tare, gashinsu ya yi kauri, saboda haka harbin nesa raunatawa kawai yake yi. Maharbin kirki yana bari su sauko kusa ko ya ƙyale su.

Wuraren ɓuya iri-iri ne. Akwai bukka a kan turaku cikin ruwa, akwai ƙaramin jirgi mai faɗi da mutum ke kwanciya rigingine a ciki daidai da fuskar ruwa. A faƙon Susquehanna akwai masu tsayawa cikin ruwa har ƙirji da rigar da ruwa ba ya shiga, a bayan wani allo mai siffar dinya. A New Jersey an san wani ɗan jirgi mai kama da cokali da Hazelton Seaman ya fara ƙerawa a 1836, wanda ake iya ja a kan taɓo da ƙanƙara.

Karen wannan gaɓa

Yankin ya haifi irin karensa, wanda ke ɗauke da sunan mashigin. Ana danganta asalinsa da wasu 'yan kwikwiyo biyu, Sailor da Canton, da aka ceto daga wani jirgi da ya lalace a teku a 1807 aka kawo su Maryland. Gashinsa ninki biyu ne: na ciki lallausa mai kauri, na waje kaushi mai maiƙo, yadda idan ya fito ya girgiza sau ɗaya ruwan ya zube. Jihar Maryland ta ayyana shi karen jiha a 1964. Amma ko shi ba a tura shi kan ƙanƙarar da ba a tabbatar da ita ba. Kare na iya burmawa ya kasa hawowa, ko igiya ta ja shi ƙarƙashin falle, kuma an sha rasa mutane a ƙoƙarin ceton karnukansu.

Haɗari ga mutum

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska mai sanyi ɗaya da shi. Wanda ya faɗa ruwan Janairu, abin da ke fara kama shi shi ne shiɗewa: numfashi ya kuɓuce masa na kimanin minti guda, kuma idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ya shaƙa. Idan ya tsallake wannan, yana da kamar minti goma kafin hannuwa su daina yi masa biyayya. Jiragen farauta ƙanana ne, an cika su da mutane da kare da buhunan bogi, feshin ruwa kuma na daskarewa a jikinsu yana ƙara nauyi. Rigar ceto da aka ajiye ƙarƙashin kujera ba ta da amfani a irin wannan minti, sai wadda ke jiki. Ƙanƙarar ruwan gishiri kuma ba ta kai ta tafki ƙarfi ba ko da kaurinsu ɗaya, ga shi teku na ɗaga ta tana sauke ta tana tsattsaga gefenta.

Doka da abin da ya jawo ta

A ƙarni na 19 farautar nan sana'a ce. 'Yan kasuwa na harbin canvasback suna aikawa otal-otal na Baltimore da Philadelphia da New York. Suna da wata ƙatuwar bindiga da ake ɗaurawa a kan kwale-kwale, a lallaɓa da dare zuwa inda garke ke barci a gurbin ƙanƙara, a kashe gommai da harbi guda. Taruwar da sanyi ke tilasta wa tsuntsaye ita ta sa ɓarnar ta yi muni haka. Yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada, da dokar 1918 da ta biyo baya, su suka kashe wannan kasuwa. A 1934 aka fito da kan sarkin agwagwa, wanda duk maharbin tsuntsayen ruwa mai shekara 16 zuwa sama dole ya saya. Da dala 1 ya fara, tun 2015 kuma dala 25 ne, kuma kusan duk kuɗin na tafiya wajen sayen dausayi da kare shi. A 1935 aka hana zuba hatsi don jawo tsuntsu, aka hana ɗaure agwagi masu rai a matsayin tarko, aka taƙaita bindiga ga harsashi uku. A 1991 aka haramta harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa a faɗin ƙasar, saboda agwagi na haɗiye ƙwayoyin da suka nutse suna mutuwa da guba. A 'yan shekarun nan kakar agwagwa a jihohin gaɓar Atlantika kwana 60 ce, mutum ba ya wuce guda 6 a yini, kuma dole a rufe zuwa 31 ga Janairu.

Hunturun 1976 zuwa 1977 ya nuna iyakar abin da tsuntsaye ke iya ɗauka. Mafi yawan Chesapeake ya daskare, masunta suka zauna makonni ba aiki, sai ta sama aka riƙa kai wa tsibirin Tangier da ke cikin mashigin abinci. A arewa da nan brant suka mutu da yawa saboda ƙanƙara ta rufe ganyen tekun da suke ci, har aka rufe farautarsu na wasu shekaru. Wannan ne karo na biyu da abinci ya yanke musu a ƙarni guda, domin a farkon shekarun 1930 wata cuta ta share ciyawar tekun da suka dogara da ita.

Birtaniya, inda ake farautar gaɓa har 20 ga Fabrairu, ta ɗauki wata hanya da ta cancanci yabo. A can ana ƙirga kwanakin da ƙasa ta kwana a daskare. Idan sun kai mako guda, ana roƙon maharba su sassauta da kansu. Idan sun kai kimanin mako biyu, gwamnati na da ikon dakatar da harbin tsuntsayen ruwa na kwana 14. Dalilin a fili yake: tsuntsun da ya rame, ko ba a same shi da harsashi ba, tashin da ƙarar bindiga ta sa shi yi yana cinye kitsen da zai kai shi gobe. A Amurka ranakun kaka a ƙayyade suke tun kafin hunturu ya shigo, don haka a mako mai tsanani hukuncin yakan koma hannun maharbin da ke tsaye a bakin gurbi. Alamar da yake dubawa tana ƙirjin tsuntsun farko da kare ya kawo masa: idan ƙashin ya fito kamar kaifin wuƙa a ƙarƙashin yatsa, garken na cikin yunwa.