Nauyin baki a wajen yara: me ake nufi, kuma yaushe jira ya isa haka?

Idan yaro ya doshi shekara biyu bai fara haɗa magana ba, a gidajenmu sai ka ji an ce yana da nauyin baki. Likitocin yara kuma suna kiran abin jinkirin magana, suna da ma'aunin da suke bi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Leslie Rescorla, da ta fitar a 1989: yaro ya cika wata 24 amma kalmomin da yake furtawa ba su kai 50 ba, ko kuma bai soma haɗa kalma biyu wuri guda ba. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, kusan yaro ɗaya cikin goma, ko ma fiye, yana faɗawa wannan rukuni, kuma maza sun fi mata yawa a ciki.

Sai dai akwai sharaɗin da ake yawan mantawa. Ba a cewa nauyin baki ne kawai sai idan sauran al'amuran yaron suna tafiya daidai: yana ji, yana gane abin da aka ce masa, yana wasa da mutane, zamansa da rarrafensa da tafiyarsa sun zo a kan lokaci. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu tangarɗa, rashin maganar alama ce ta wani abu daban, kuma wancan abin ne ya kamata a nema. In'ina da tsamin baki su ma ba sa cikin wannan zance, domin masu su suna da kalmomin, furucin ne yake ba su wahala.

Iyaye da yawa suna rage wa ɗansu maki wajen ƙidayar kalmomin nan. Ba sai furucin ya fita tsaf ba. Yaron da kullum in yana jin ƙishi sai ya ce "uwa" yana nufin ruwa, ya samu kalma ɗaya. Wanda in ya ga akuya sai ya nuna ta ya ce "mee", wannan ma kalma ce, muddin shi ya faɗa don kansa kuma kullum akuyar yake nufi. A ɗaya ɓangaren kuma, "ba ni" ko "na gode" ba su zama haɗa kalma biyu ba, don a dunƙule ya haddace su. Haɗin gaskiya shi ne irin "Baba tafi" ko "ƙara shayi", inda yaron ya ɗauko wannan ya ɗauko wancan ya gina abin da yake son faɗi. Kafin a kai nan, yawancin jarirai sun fara gwaranci irin na "ba-ba-ba" da "da-da-da" tsakanin wata 6 zuwa 9, kalmar farko kuma takan fito wajen cikar shekara.

"Ke dai kwantar da hankalinki, ubansa ma sai da ya shekara uku kafin a ji bakinsa." Duk uwar da ta taɓa kai kukan nan wurin surukarta ta san wannan amsa, kuma Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Abin yana bin jini, sannan mafi yawan masu nauyin baki suna kamo sa'o'insu kafin shiga firamare. Matsalar ita ce ba duka ba ne, kuma a shekara biyu babu mai iya rantsuwa cewa wannan yaron yana cikin masu kamowa. Abin da ya fi ba da haske shi ne fahimta da ishara. A ce masa "je ka ɗauko takalminka" ba tare da an nuna takalmin da hannu ko da ido ba, a ga ko zai je. A lura ko yana nuna jirgin sama da yatsa sannan ya juyo ya kalli fuskar uwarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Ko yana ɗaga hannu in baƙo zai tafi, yana goya 'yar tsana, yana kara murfin kwalba a kunne wai waya yake yi. Yaron da yake yin waɗannan, bakinsa ne kawai ya yi jinkiri, kuma alamunsa masu kyau ne. Wanda ba ya yin su, ko da yana da 'yan kalmomi, shi ya fi bukatar a duba shi da wuri.

A ganina babban kuskurenmu shi ne inda muke fara dubawa. Da an ce yaro ba ya magana sai a buɗe bakinsa a ɗaga harshe, a ce linzami ne, a kira wanzami. Gaskiya ne wasu jarirai ana haifarsu da 'yar tsokar ƙarƙashin harshe a ɗaure, kuma tana iya hana su kama nono da kyau. Amma ba ita take hana yaro sanin kalmomi ba. Yanke ta da aska a zaure ba zai ƙara masa ko kalma ɗaya ba, sai dai haɗarin zubar jini da shigar cuta. Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne kunne, domin yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba.

Mu kuwa muna da dalilin damuwa da kunne fiye da wasu. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin sanƙarau, kuma kurumta na cikin abubuwan da cutar ta fi bari ga yaran da suka tsira daga gare ta. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, ga kunnen da yake zubar da mugunya wata da watanni ana ɗiga masa mai, ga allurai irin su gentamicin da ake yi barkatai a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a wajen yara daga abubuwan da za a iya kauce musu take tasowa.

"Ai yana ji, in an buga ƙofa yana firgita." Wannan ba hujja ba ce. Yaro yana iya jin ƙarar ƙofa da janareta amma sautukan magana marasa ƙarfi irin su s da f da sh ba sa isa gare shi. Wani lokaci ruwa ne yake taruwa a bayan dodon kunne bayan mura, babu ciwo babu zazzaɓi, amma magana tana zo masa a dushe. Tafa hannu a bayansa ma yana yaudara, don yana iya ganin inuwa ko ya ji iskar tafin. Gwajin na'ura ne yake raba gardama, ba ya ciwo, har jaririn kwana biyu ana yi wa. Ana samunsa a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa.

Harshe biyu a gida ba ya jawo jinkiri. Yaron da uwarsa take masa Fulatanci ko Kanuri, unguwa kuma tana Hausa, a haɗa kalmominsa na harsunan duka a ƙirga. Waya ita ce abin damuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Katun yana magana amma ba ya jiran amsa, yaro kuwa da musayar zance yake koyo. Shi ya sa hirar da uwa take yi da shi lokacin wanka ko tuƙin tuwo, tana faɗin sunan abin da yake kallo, ya ce "mota" ta ce "eh, babbar mota", ta fi dogon bidiyon koyar da harufa amfani. A gidan da yara suka yi yawa kuma, yayye kan riga ƙaramin magana, kafin ya buɗe baki an miƙo masa abin da yake so. A ɗan dakata masa ya gwada.

Akwai alamomin da ba a yi musu jira ko kaɗan: jariri ya kai shekara babu gwaranci, babu nuni, ba ya juyowa in an kira sunansa, ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko kuma, wanda ya fi kowanne, yaron da yake da kalmomi a da sai suka ɓace. Irin wannan, musamman in ya haɗu da ƙin haɗa ido da rashin sha'awar wasa da mutane, yakan sa likita ya binciki otizim, lalurar da kafafen labarai na Hausa suke kira galahanga. Kafin zuwa asibiti, a rubuta duk kalmomin da yaron yake faɗi yadda yake faɗinsu, a tafi da katin rigakafinsa, a kuma tuna wa likita duk wani zazzaɓi mai zafi ko ciwon kunne da ya taɓa yi.