Agogon Carrera bai ci sunan motar Porsche ba

Da yawa in sun ga "Carrera" a fuskar agogon TAG Heuer, sai su ce ai motar Porsche 911 Carrera aka yi wa takwara. An daɗe ana faɗin haka, har a bakin dillalan agogo. To, ba haka zancen yake ba. Agogon da motar duk wuri ɗaya suka samo sunan: tseren Carrera Panamericana na ƙasar Meziko, wanda aka yi daga 1950 zuwa 1954, tafiyar fiye da kilomita 3,000 a kan titin kowa da kowa. Ita kanta kalmar "tsere" take nufi da Sifaniyanci.

Tsere ne mai cin rai, kuma yawan mace-macen na cikin abin da ya sa aka soke shi. Porsche ta ɗauki sunan saboda rawar da ta taka a can, musamman 1954 da direbanta Hans Herrmann ya zo na uku da 'yar ƙaramar motarta 550 Spyder. Shi kuwa Jack Heuer na kamfanin agogon, labarin tseren ya ji a filin tsere na Sebring, Amurka, a 1962, daga bakin iyayen wasu direbobin tsere 'yan Meziko, Pedro da Ricardo Rodríguez. Sunan ya kwanta masa. A 1963 ya fitar da agogon: fuska fes babu tarkace, maɓalli biyu a gefe, na sama ya tada allurar daƙiƙa ko ya tsayar, na ƙasa ya maida ita sifili. Direba na gudu, kallo ɗaya ya ishe shi.

Ita 911 mai sunan Carrera sai 1972 ta bayyana, shekara tara bayan agogon.