Harajin gida na biyu a Ingila: yadda gidanka na Kano zai iya shiga lissafi

Mai sayen gida a Ingila ko Arewacin Ireland yakan biya harajin sayen gida, wanda ake kira Stamp Duty Land Tax, ga hukumar tara haraji ta HMRC. Idan kuma cinikin zai sa ka mallaki gida fiye da ɗaya, akwai ƙari a kan harajin. An fara karɓar ƙarin ne ranar 1 ga Afrilu 2016 a kan kashi 3 cikin ɗari, da nufin rage wa masu sayen gidajen haya ƙarfi a kasuwa. Daga 31 ga Oktoba 2024 ya koma kashi 5.

Harajin hawa-hawa ne. Tun daga Afrilu 2025, mai sayen gidansa tilo ba ya biyan komai a kan fam 125,000 na farko, sai kashi 2 daga nan zuwa 250,000, kashi 5 zuwa 925,000, kashi 10 zuwa miliyan ɗaya da rabi, kashi 12 a kan abin da ya haura. Mai gida na biyu kuwa kowane hawa ana ɗora masa biyar: 5, 7, 10, 15, 17. Ɗauki gidan fam 300,000. Na farko zai biya 5,000. Na biyu zai biya 6,250 a hawan farko, 8,750 a na biyu, 5,000 a na uku, jimilla 20,000. Wannan kuɗi kuma a hannu ake son sa, cikin kwana 14 da kammala ciniki. Lauyan da ke kula da cinikin ne kan cike takardar ya tura kuɗin, amma in an yi kuskure mai gida ake kamawa. Jinkirin miƙa takarda na jawo tarar fam 100, ta zama 200 bayan wata uku, ga kuɗin ruwa a kan harajin da ba a biya ba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne nan: doka ba ta tsaya kan gidajen Birtaniya ba, gida ko'ina yake a duniya ana ƙirga shi. Likitan da ke zaman haya a Manchester, yana da gida a Nasarawa GRA ta Kano ko a Gwarinpa, in ya tashi sayen gidan da zai zauna da iyalinsa, a idon doka gida na biyu yake saye. Ma'aunin shi ne darajar gidan, ko rabon da kake da shi a ciki, ta kai fam 40,000 a ranar da aka kammala sabon cinikin. In ba ta kai ba, babu ƙari. Don haka a nemi mai kimanta gidaje ya rubuta darajarsa a kasuwa, a ajiye takardar tare da canjin kuɗi na ranar. Filin da ba a taɓa ba ba gida ba ne, amma wanda ake kan ginawa yana iya shiga. Shi ma sassaucin da ake yi wa masu sayen gidan farko, wato babu haraji har fam 300,000, ba ya samun wanda ya taɓa mallakar gida a ko'ina, ko da gado ya ci.

Gadon ma akwai bayani. In rabonka a gidan gado bai wuce rabi ba, ba a ƙirga shi cikin shekara uku na farko. Bayan shekara uku sai a duba darajar rabon. Gidan mahaifi da 'yan'uwa goma suka gada da wuya kason mutum ɗaya ya kai fam 40,000, amma kada a yi zato, a yi lissafi.

Miji da mata abu ɗaya ne a wannan doka. Sa sunan uwargida a takardar sabon gida ba ya kuɓutar da kowa muddin maigida yana da wani, sai dai in sun rabu rabuwa ta dindindin. Haka in mutum biyu suka haɗa kuɗi, ɗaya yana da gida, ƙarin zai hau kan cinikin gaba ɗaya. Wannan yakan ci iyayen da suka sa sunansu don taimaka wa ɗansu ya samu bashin banki. Kamfani kuwa tun gidansa na farko yake biya.

Babbar ƙofar fita ita ce sauya mazauni. Wanda ya sayar da gidan da yake zaune a ciki ya sayi wani don ya koma, ba ya biyan ƙari ko da yana da gidajen haya goma, matuƙar sayarwar ta faru cikin shekara uku kafin sayen. In sabon ya riga samuwa tsohon bai fita ba, za ka biya, amma in ka sayar da tsohon cikin shekara uku sai ka nemi a mayar maka. Neman yana da wa'adi: wata 12 daga ranar sayarwa, ko daga ranar ƙarshe ta miƙa takardar harajin, wanda ya fi nisa. Da yawa sukan yi asarar dubbai don sun ɗauka HMRC za ta aiko da kanta. A ganinmu nan dokar ta yi tsauri, domin ta ƙyale mai gidaje goma ta kama ɗan hayar da ke da gida ɗaya tal a ƙasarsu.

Mai saye daga waje, wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya cikin wata 12 kafin ciniki ba, ana ƙara masa wani kashi 2 tun Afrilu 2021. A gidan nan na 300,000, ɗan kasuwar da ke Abuja, mai gidan kansa a can, zai biya 26,000. Scotland da Wales kowacce da nata tsarin. A Scotland ƙarin kashi 8 ne tun Disamba 2024.