Ɓera da Farashin Maiƙo: Tambayoyi da Amsoshi

Ɓera ba shi da ko kwabo, to ina ruwansa da tattalin arziki?

Guminsa ne kuɗinsa. A ɗakin gwaji ana sa shi cikin akwati irin wanda masanin halayya B. F. Skinner ya ƙera a shekarun 1930, mai ɗan ƙarfe a jikin bango. In ya danna ƙarfen sai ɗigon man masara ko ƙwayar abinci ta fito. Yau dannawa ɗaya ta isa, gobe sai ya yi goma, jibi hamsin. Yawan dannawar nan shi ne farashi. A 1980 Steven Hursh ya nuna cewa ana iya auna wannan hali da ma'aunin masana kasuwa: in kaya ya yi tsada, wa zai haƙura, wa zai saya ko ta halin ƙaƙa?

Me zai hana a ajiye masa kwano biyu a ga wanda ya fi ci?

Ana yin haka, amma abin da aka samu a banza ba ya nuna zurfin kwaɗayi. Shi ya sa ake amfani da dabarar William Hodos ta 1961, inda farashin ke hauhawa bayan kowace loma har ɓeran ya gaji ya bari. Inda ya tsaya, nan ne iyakar abin da zai iya biya. Sai dai akwai tarko: ɓeran da ya san za a ba shi abinci kyauta in ya koma keji ya fi saurin haƙura.

Me ke cikin maiƙo haka?

Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. A 2005 masu bincike a Faransa sun nuna cewa wani furotin a harshe, CD36, yana taimaka wa ɓera gane maiƙo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin Anthony Sclafani a Amurka. Yana ba ɓera ruwa mai wani ƙamshi, a lokaci guda yana zuba masa mai cikin cikinsa kai tsaye ta siririn bututu. Harshe bai taɓa man ba, amma daga baya ɓeran sai ya riƙa zaɓar wannan ƙamshin. Ashe hanji ma yana da ta cewa.

Yunwa ce ke sa shi wahala a kai?

Ba lallai ba. Rebecca Corwin ta Jami'ar Jihar Pensilbeniya ta yi gwaji da ɓerayen da abincinsu na kullum ke gabansu dare da rana. Wasu ana ba su daskararren man girki na awa ɗaya kowace rana, wasu kuwa sau uku kawai a mako. Na sau ukun su suka fi narkarsa a cikin awar, kuma da aka sa farashi, su suka fi jure dannawa.

Haka abin yake ga ɗan Adam?

A yi hattara. Ɓeran akwati ba ya azumi, ba ya jin kunyar suruka, ba ya lissafin kuɗin cefane, kuma likita bai taɓa tsorata shi da hawan jini ba.